Tsufan Takardun Jagora na Maƙeran Manhaja: Nazari daga Hausar Madarumfa

1.0 Gabatarwa

Kowace manhaja ta wayar hannu tana da rubutu iri biyu a bayanta. Na farko shi ne kod, wato jerin umarnin da na'ura ke bi. Na biyu na mutane ne: takardun jagora da darussan koyo waɗanda ke nuna wa maƙerin manhaja yadda zai haɗa ta, da yadda zai sa ta yi magana da harshen masu amfani da ita. Idan kod ya tsufa, sau da yawa na'ura kan ƙi karɓarsa, maƙeri ya gane nan take. Jagora kuwa tana iya shekara biyar tana yawo a hannun ɗalibai bayan abin da take faɗa ya daina zama gaskiya, ba tare da wani ya lura ba.

Wannan maƙala za ta bayyana hanyoyin da jagorar sanya Hausa a cikin manhaja ke tsufa, da dalilan hakan, da matakan da za a bi don ta ci gaba da zama daidai. An ɗauki garin Madarumfa na jihar Maraɗi a matsayin ma'auni, domin yana kan gaɓar da ƙa'idojin rubutu biyu da kuɗi iri biyu da harsunan Turai biyu suka haɗu a bakin al'umma guda.

2.0 Dalilin Zaɓen Madarumfa

Madarumfa tana kudu da birnin Maraɗi, a bakin tafkin da ya yi suna da kaburburan waliyyai 99 da ake ziyarta a kewayensa. A cikin gundumarta ne garin Ɗan Isa yake, inda hanya ke tsallaka iyaka ta shiga Jibiya ta nufi Katsina. Hausar yankin Katsinanci ce, kuma dangantakar jini da ciniki tsakanin ɓangarorin biyu ta girmi iyakar nesa ba kusa ba. Sai dai ɗan makarantar Madarumfa ya koyi boko ta hanyar Faransanci, yana ƙirga kuɗi da sefa, yayin da ɗan'uwansa na Jibiya ya koya ta hanyar Ingilishi, yana ƙirga naira.

Sunan garin kansa darasi ne. A takardun hukuma ana rubuta Madarounfa, bisa al'adar Faransanci ta sa ou a madadin wasalin u. Wasu masu rubutun Hausa kan rubuta Madarunfa. Ƙa'idar daidaitacciyar Hausa kuwa tana nuna nason ɗan hanci a tsakiyar kalma idan baleɓe ya biyo baya, kamar a rumfa da kumfa da tambaya, don haka sai a sami Madarumfa. Haka Guidan Roumdji yake da Gidan Rumji, Tessaoua da Tasawa, Dan Issa da Ɗan Isa. Manhajar da ke da akwatin neman sunan gari, idan jagorar da aka bi wajen ƙera ta ba ta yi maganar wannan ba, za ta ce wa mutum garinsu ba ya cikin taswira.

Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da Kundin Sake Gina Ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Duk hukuma ko kamfanin da zai isar da saƙo ga jama'a ta waya da harshen Hausa zai dogara da abin da maƙeransa suka karanta a jagora.

3.0 Tsufa ta Fuskar Fasaha

Kamfanin Google kan fitar da sabuwar sigar Android kusan kowace shekara, kuma tun 2018 kasuwarsa ta Google Play take tilasta wa sababbin manhajoji su dace da siga ta kwanan nan. Darasin da aka rubuta a 2014 yana iya koyar da aiki da Eclipse, alhali an koma Android Studio. Wanda aka rubuta kafin 2017 da wuya ya ambaci harshen Kotlin, wanda a 2019 Google ya ce shi ya fi so a yi aiki da shi. Waɗannan sauye-sauye sanannu ne ga masu sana'ar. Akwai kuma waɗanda suka shafi harshe kai tsaye, su ne suka fi dacewa da ɗalibin kimiyyar harshe.

Na farko shi ne zaɓen harshe. A da, hanyar da tsarin ya tanada ita ce manhaja ta bi harshen da aka saita wayar gaba ɗaya. A 2016, Android 7 ya ba mai waya damar jera harsuna fiye da ɗaya bisa fifiko. A 2022, Android 13 ya ba da damar a zaɓa wa kowace manhaja harshenta daban. Wannan ya shafi mutumin Madarumfa ƙwarai, domin yana iya barin wayarsa a Faransanci ya sa manhajar aikin gona ko ta asibiti a Hausa. Jagorar da ba a sabunta ba ba za ta koya wa maƙeri wannan hanya ba. Wadda aka sabunta ta hanyar goge tsohon bayani ita ma ta yi kuskure, domin tsofaffin wayoyi ba su ƙare a hannun mutane ba. Abin da ya dace shi ne a ajiye hanyoyin biyu, a rubuta sigar da kowace ke aiki a kanta.

Na biyu shi ne jinsi. Hausa tana bambanta namiji da mace a wakilin suna na mutum na biyu tilo: ka da ki, lambarka da lambarki. Ingilishi ba ya yin haka, saboda haka tsofaffin darussa ba su tanadi komai ba, masu fassara suka riƙa sa ka ga kowa. Masu lura daga cikinsu sukan kauce ta hanyar jam'in girmamawa, su ce ku shigar da lambarku, ko su yi amfani da wakilin suna na kowa-da-kowa, su ce a shigar da lamba. A 2023, Android 14 ya zo da tsarin da manhaja za ta iya ajiye jimla a siga uku, ta namiji da ta mace da ta ba-ruwanta, ta nuna wadda mai wayar ya zaɓa. Shawarar da ke daidai a 2020 ta zama rabin bayani a yau.

4.0 Tsufa ta Fuskar Ƙa'idojin Rubutu

Rubutun Hausa na boko bai taɓa tsayawa wuri guda ba. Hanns Vischer, wanda Hausawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912. Marubutan farko sun gwada ɗigo a ƙarƙashin baƙi ko alama a gefensa don nuna sautukan da harsunan Turai ba su da su. A shekarun 1930 ne baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka kafu ta hannun hukumar talifi ta Zariya a zamanin Rupert East, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A 1966 UNESCO ta kira taron Bamako kan rubutun harsunan Afirka ta Yamma, a 1980 aka yi taron Yamai don daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya, a 1999 kuma Ma'aikatar Ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da baƙaƙen Hausa na ƙasar.

Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne Nijar tana rubuta ƴ, yayin da littattafan Najeriya suka saba da y mai hamza a gabanta. Ga mai karatu, ƴaƴa da 'ya'ya kalma ɗaya ce. Ga na'ura kuwa ba su haɗa hanya ba. Manhajar da ta ajiye suna da sigar farko ba za ta samo shi ba idan an nema da ta biyu, sai in an koya mata cewa daidai suke.

Hamza tana da tata rigimar. A tsarin Unicode akwai aƙalla alamomi uku da ido ke gani kusan iri ɗaya: U+0027, wadda ke kan kibod, da U+2019, wadda manhajojin rubutu kan musanya ta farko da ita, da U+02BC, wadda tsarin ke ɗauka a matsayin harafi cikakke. Kalmar jama'a tana iya zama kalmomi uku mabambanta a rumbun bayanai guda. Bugu da ƙari, a fayil ɗin da Android ke ajiye jimlolin manhaja, alamar farko tana da aiki na musamman, dole a sa karkatacciyar sanda a gabanta, a rubuta jama\'a, in ba haka ba haɗa manhajar ya ci tura. Darasin da aka fassaro daga Ingilishi kan ambaci wannan a layi ɗaya a ƙasan shafi. A Hausa, inda sa'a da ma'ana da ko'ina da na'ura suke cikin maganar yau da kullum, wurinsa shafin farko.

Haka batun jerin abacada. Lambar Ɗ a Unicode ita ce U+018A, ta Ƙ kuma U+0198, dukansu sun zarce ta Z. Idan maƙeri ya jera sunaye bisa lambar harafi kawai, Ɗanladi zai faɗo bayan Zainabu, malamin asibitin da ya duba tsakanin D da E ya ce babu shi a rajista. Maganin yana nan, wato a yi amfani da na'urar jeri mai la'akari da harshe, amma sai jagora ta faɗa, ta kuma kawo misali da sunayen Hausa.

Akwai kuma tsadar saƙon tes. Saƙo guda yana ɗaukar haruffa 160 idan duka suna cikin jerin da tsarin GSM ya tanada. Baƙaƙe masu ƙugiya ba sa cikin jerin, kuma shigar ɗaya kawai daga cikinsu kan mayar da iyakar zuwa 70. Saƙo mai haruffa 150 da ke da ƙ guda zai rabu uku, a biya kuɗin uku. Wannan na daga dalilan da ke sa masu aika saƙonni da yawa su zubar da ƙugiya, ƙasa ta koma kasa, ƙara ta koma kara, ƙulle ta rikice da kulle. Jagora ta gari ba za ta ɓoye wannan ciniki ba. Za ta nuna farashin kowane zaɓi, ta kuma ba da shawarar a sake gina jimla da kalmomin da ba su da ƙugiya a duk inda ma'ana ke cikin hatsari.

Ajami ma yana da nasa sauyin. Rubutun Warash da aka saba da shi a makarantun allo yana sa ɗigon fa a ƙasa, ya ba ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A 2016, siga ta 9 ta Unicode ta ƙara haruffa na musamman don wannan salo na Afirka. Duk bayanin da aka rubuta kafin nan a kan sanya ajami a waya yana buƙatar bita.

5.0 Tsufa ta Fuskar Ma'ana

Nan ne kuskure ya fi tsada, domin na'ura ba ta da hanyar gane shi. Kalmar dala ta isa misali. A kafofin watsa labaran Najeriya, dala kuɗin Amurka ce. A kasuwar Madarumfa, dala ita ce sefa 5: dala ashirin sefa 100 ke nan, dala ɗari sefa 500, jikka kuma sefa 1000. A ƙaddara wata manhajar adashi ta ce wa mace ta rubuta yawan kuɗin da za ta zuba. A ranta dala ɗari take nufi, sai ta rubuta 100, alhali abin da ke hannunta sefa 500 ne. Lissafin ya kauce ninki biyar ba tare da ko harafi ɗaya ya karkace ba. Jagorar da aka rubuta a Kano ba ta da dalilin hango wannan. Wadda za a yi aiki da ita a jihar Maraɗi dole ta umarci maƙeri ya nuna adadin ta fuska biyu kafin a tabbatar, da alƙaluman sefa da kuma ƙirgar dala.

Alƙaluman kansu sun bambanta. Al'adar Faransanci tana raba dubbai da fili, ta sa waƙafi kafin ɓangaren ɗaya, yayin da ta Ingilishi ke raba dubbai da waƙafi ta sa ɗigo. Lambar waya a Nijar alƙaluma 8 ce bayan +227, a Najeriya kuma 11 ce idan an haɗa da sifirin farko, lambar ƙasar kuwa +234. Misalin da ya ɗauka cewa duk mai jin Hausa ɗan Najeriya ne zai ƙi karɓar lambar ɗan Madarumfa. Don haka ne tsarin alamta harsuna ya tanadi ha-NE da ha-NG ban da ha kawai, Android ma yana barin a ware jimlolin Nijar a jakar values-ha-rNE.

Kalmomin aro suna bin hanyar mulkin mallaka. Abin da ɗan Jibiya zai kira sabis, ɗan Madarumfa rezo yake cewa. Keɓaɓɓun kalmomin fasaha kuma ba su gama zama ba: ana jin danna da latsa, ana jin goge da share. Ita kanta manhaja a da tsarin karatun makaranta take nufi kafin ma'anarta ta faɗaɗa. Kalmar share tana da hatsari na daban. A Hausa tana nufin kawar da abu, amma haruffanta daidai suke da na kalmar Ingilishi mai nufin rarraba wa wasu. A manhajar da aka fassara rabi aka bar rabi, maɓalli mai wannan rubutu yana iya nufin a goge hoto ko a aika wa duniya shi. Ya kamata jagora ta hana amfani da kalmar a kan maɓalli, ta tsayar da goge.

6.0 Matakan Kiyaye Ingancin Jagora

Mataki na farko shi ne kowane shafi ya ɗauki ranar da aka duba shi a ƙarshe, da sigar Android da aka gwada shi a kai, da ƙa'idar rubutun da ya bi. Mai karatu zai san nauyin da zai ba shi.

Na biyu, kada a kwafi misalin kod da hannu a liƙa a cikin darasi. A ajiye shi a cikin ƙaramar manhaja mai aiki wadda ake gwadawa a kai a kai, darasin ya riƙa ɗebowa daga can. Idan sabuwar siga ta karya misalin, za a gani kafin ɗalibi ya gani. Jimlolin gwajin su ƙunshi ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, manya da ƙanana, da hamza iri uku, da sunan gari mai rubutu fiye da ɗaya.

Na uku, a kafa rumbun keɓaɓɓun kalmomi guda ɗaya wanda duk darussa za su dogara da shi. Kowace kalma ta zo da ma'anarta, da jinsinta da jam'inta, da yankin da ake jin ta, da jimlar misali, da matsayinta, wato karɓaɓɓiya ce ko ana gwada ta ko an yi watsi da ita, da kuma dalili. Idan an sauya kalma, a bar tsohuwar a wurin da alamar cewa an daina, domin wanda ya gaji tsohuwar manhaja ya fahimci abin da ya tarar.

Na huɗu, a ɗaure bita da kalanda. Android yana sabuntuwa kusan shekara-shekara. Rumbun CLDR na ƙungiyar Unicode, inda wayoyi ke samun sunayen watanni da tsarin alƙaluma da jerin abacada na kowane harshe, yana fita sau biyu a shekara. Waɗannan lokuta su ne na sake karanta jagora. Sauyin doka irin na 2025 shi ma dalili ne.

Na biyar, kowane shafi ya kasance da mai shi, mutum sananne da za a kai wa gyara, domin tsuntsun gayya ba shi da mai ba shi ruwa. A kuma buɗe wa masu karatu hanya mai sauƙi ta nuna kuskure, ko da ta saƙon murya ce.

Na shida, a gwada a fili. A miƙa wayar ga manomi da mai sayar da kifin tafki da ungozoma, a ce su karanta abin da ke kan fuskarta su faɗi abin da zai faru idan sun danna. Inda amsarsu ta saɓa da nufin maƙeri, nan jagora ke da giɓi. Hotunan fuskar waya da darussan murya su ma a sa su cikin bita, domin sun fi rubutu saurin tsufa, gyaransu kuma ya fi wuya.

7.0 Gurbin Ɗaliban Kimiyyar Harshe

Mafi yawan matsalolin da aka zayyana a sama na tsarin sauti ne da ƙirar kalma da ilimin ma'ana da walwalar harshe, waɗanda maƙerin manhaja bai karanta ba. Ɗalibin da ya san dalilin da ya sa Bakatsine ke furta hwara a inda Bakano ke cewa fara, ya kuma san cewa ƙa'ida ta ce a rubuta fara, shi ne zai iya gaya wa maƙeri ya sa akwatin nema ya karɓi duka biyun. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi tana kusa da Madarumfa. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da Jami'ar Bayero ta Kano suna da daɗaɗɗen tarihi a nazarin Hausa, kuma Nijar tana koyarwa da Hausa a makarantun gwaji tun 1973, lokacin da aka buɗe ta farko a Damagaram. Ilimin yana nan a kundaye da kawunan malamai, abin da ya rage shi ne a juye shi zuwa sigar da maƙeri zai iya ɗauka ya yi aiki da ita.

Ana iya fara wannan da kundin digiri guda: a tattara jimlolin Hausa na manhajoji biyar da ake amfani da su a gundumar Madarumfa, a auna su da ƙudurin 1999, a gwada fahimtarsu a bakin masu magana maza da mata, a fitar da rumbun kalmomi mai ɗauke da kwanan wata.

8.0 Kammalawa

An nuna cewa jagorar maƙeran manhaja tana tsufa ta fuska uku: fasaha tana sauyawa, ƙa'idojin rubutu suna da tarihi da iyakokin ƙasa, ma'anar kalma kuma tana bin kasuwar da ake furta ta. An kawo matakai shida na kiyaye ingancinta, daga sa kwanan wata zuwa gwaji a hannun masu amfani. Madarumfa ta dace da wannan gwaji saboda kuskuren da zai wuce ba a gani ba a Kano ko a Yamai yakan bayyana a can, a sunan gari ko a lambar waya ko a ƙirgar kuɗi. Sassan nazarin harshe na jami'o'in ɓangarorin biyu na iyaka suna da damar ɗaukar nauyin rumbun kalmomi na haɗin gwiwa, su riƙa bitarsa a kowane zangon karatu, ta yadda duk maƙerin da ya buɗe shi zai ga ranar da aka duba shi a ƙarshe da sunan sashen da ya duba.